SHARHI: Horas Da Jami'ai Kan Tsara Dokoki: Wa Ya Kamata Ya Koyi Me?

Taron bitar koyon tsara dokoki ya zama ruwan dare a Abuja. Za a tara daraktoci da lauyoyin ma'aikatu da hadiman 'yan majalisa a ɗakin taro, babban baƙo ya yi jawabin buɗewa, masana su gabatar da maƙalu na kwana biyu ko uku, sannan a raba takardun shaida, a ɗauki hoto, kowa ya kama gabansa. Ba wanda zai ce ilimin da ake rabawa a irin wannan zama ba shi da amfani. Dokar da aka rubuta da sakaci tana cin kuɗin gwamnati, tana cin lokacin kotu, wani lokacin ma takan jefa ƙasa baki ɗaya cikin ruɗani.

Tambayar da ba a cika yi ba ita ce: wa ake horarwa, kuma don ya yi wane aiki? Kafin ƙudiri ya zama doka yakan ratsa hannuwa da yawa. Akwai jami'in da ya san matsalar, da lauyan da ya zuba ta a sassa, da kwamitin majalisar da ya yi mata kwaskwarima, da akawun da ya haɗa kwafin ƙarshe, da maɗaba'ar da ta buga. Kowane hannu da irin kuskurensa, da kuma irin horon da ke maganinsa. Muddin aka ci gaba da zuba su duka a ɗaki ɗaya ana karanta musu darasi ɗaya, za a yi ta kashe kuɗi, kurakuran kuwa suna nan inda suke.

Tsadar kalma guda

Wanda ke ganin tsara doka ƙaramin aikin ofis ne, ya waiwayi shekarar 1979. Dokar zaɓen da gwamnatin soja ta kafa ta ce, bayan rinjayen ƙuri'u, sai ɗan takarar shugaban ƙasa ya samu aƙalla rubu'in ƙuri'un da aka kaɗa a kashi biyu bisa uku na jihohin tarayya. Jihohin kuwa 19 ne a lokacin, adadin da ba ya rabuwa gida uku daidai. Alhaji Shehu Shagari ya cika sharaɗin a jihohi 12, a Kano kuma ya tsaya a kashi 19.94 cikin ɗari. Cif Obafemi Awolowo ya ce biyu bisa ukun 19 jihohi 13 ke nan, tunda ba a gutsura jiha. Lauyan Shagari, Richard Akinjide, ya ce 12 ne da biyu bisa uku, don haka abin da ake nema a Kano bai wuce rubu'in biyu bisa ukun ƙuri'unta ba. Kotun Ƙoli ta karɓi lissafi na biyu a ranar 26 ga Satumba, saura kwana biyar a miƙa mulki ga farar hula. Da wanda ya rubuta sashen ya tsaya ya raba 19 gida uku ya ga ragowar, da layi guda ya isa ya hana wannan shari'a da ɗacin da ta bari a siyasar Jamhuriya ta Biyu.

Bayan shekara 44 aka sake komawa gaban kotun a kan jimlar da ta gaji waccan. Sashe na 134(2) na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ambaci kashi biyu bisa uku na dukkan jihohin tarayya "da" Babban Birnin Tarayya, Abuja. Shin wannan "da" tana nufin a lissafa Abuja cikin jihohi, ko kuwa tana nufin dole ɗan takara ya samu kashi 25 a Abuja ita kaɗai? Bola Tinubu bai kai kashi 25 a Abuja ba, masu ƙara kuma suka rataya wani babban ɓangare na hujjarsu a kan wannan kalma. Sai a ranar 26 ga Oktoban 2023 Kotun Ƙoli ta rufe maganar, inda ta tabbatar da cewa Abuja ba ta da wani fifiko a kan jihohi a wannan lissafi.

Wani lokacin kuma abin da doka ba ta faɗa ba shi ke tayar da ƙura. A Nuwamban 2015 Yarima Abubakar Audu ya rasu yana kan gaba a zaɓen gwamnan Kogi, wanda hukumar zaɓe ta ce bai kammala ba. Dokar Zaɓe ta 2010 ta yi tanadin abin da za a yi idan ɗan takara ya rasu kafin a fara kaɗa ƙuri'a. Sashe na 181 na Kundin Tsarin Mulki ya yi tanadin abin da za a yi idan zaɓaɓɓen gwamna ya rasu kafin rantsuwa. Tsakanin waɗannan biyun babu komai, kuma a daidai wannan giɓi ajali ya riski Audu. Jam'iyyar APC ta maye gurbinsa da Yahaya Bello, abokin takararsa James Faleke ya garzaya kotu, aka yi ta gwabzawa har Kotun Ƙoli a Satumban 2016. Sai a Sashe na 34 na Dokar Zaɓe ta 2022 aka toshe wannan kafa.

Misalin da ya fi kusa da ma'aikacin gwamnati yana cikin Dokar 'Yan Sanda ta 2020. Sashe na 7(6) ya ba Sufeto Janar wa'adin shekara huɗu. Sashe na 18(8) na wannan doka dai ya ce kowane ɗan sanda zai yi ritaya idan ya cika shekara 60 da haihuwa ko shekara 35 a bakin aiki. To idan Sufeto Janar ya cika 60 alhali wa'adinsa bai ƙare ba, wane sashe za a bi? Dokar ba ta ce komai ba. An yi wannan taƙaddama a zamanin Usman Alkali Baba, aka kuma tunkare ta a zamanin Kayode Egbetokun, har sai da Majalisar Tarayya ta yi wa dokar gyaran gaggawa a Yulin 2024. Sassan biyu suna cikin kundi ɗaya, tazarar shafuka kaɗan ce tsakaninsu.

Idan bango ya tsage

Hausawa na cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Kuskuren rubutu yakan zama ƙofar da siyasa ke bi ta kashe ƙudiri, ko da akwai wani dalili a ɓoye ko babu.

Sau huɗu Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙi sa hannu a ƙudirin gyaran Dokar Zaɓe a cikin 2018. A karo na uku, wanda hadiminsa kan harkokin majalisa, Sanata Ita Enang, ya bayyana a farkon Satumba, dalilin da aka bayar na rubutu ne zalla. Akwai inda ƙudirin ya yi nuni zuwa sashen da ba shi ake nufi ba. Akwai kuma inda ya sauya lokacin zaɓen fidda gwani ba tare da ya taɓa sauran sassan da suka ƙayyade lokacin miƙa sunayen 'yan takara da wallafa su ba, abin da fadar shugaban ƙasa ta ce zai bar wa hukumar zaɓe kwana 9 kacal ta tattara sunaye daga jam'iyyu 91. 'Yan adawa sun ce fakewa aka yi da guzuma don a harbi karsana. Ko da haka ne, majalisa ce ta ajiye guzumar da hannunta. Da ƙudirin ya koma a karo na huɗu a watan Disamba, sai aka ce zaɓe ya ƙarato, ba za a sauya ƙa'ida ana tsakiyar wasa ba. Haka aka yi zaɓen 2019 da tsohuwar doka.

Darasin bai shiga ba. A ƙarshen 2021 ƙungiyoyin farar hula, ciki har da Yiaga Africa, suka fito da kurakuran rubutu a sassa 11 na sabon ƙudirin zaɓen da majalisun biyu suka riga suka zartar. An gyara waɗannan, aka sa wa dokar hannu a ranar 25 ga Fabrairun 2022, amma wani babban ya tsallake. Tsohuwar doka ta ba masu riƙe da muƙamai da kundin jam'iyya ya ambata damar kaɗa ƙuri'a a zaɓen fidda gwani, ƙari a kan zaɓaɓɓun daliget. Sashe na 84(8) na sabuwar doka ya zo babu wannan ƙarin. Ma'anarsa ita ce shugaban ƙasa da gwamnoni da su kansu sanatoci da 'yan majalisar wakilai sun rasa matsayinsu na daliget kai tsaye. Da suka farga a watan Mayu, majalisun biyu suka zartar da gyara cikin gaggawa, Sanata Ovie Omo-Agege da ya gabatar da shi yana cewa kuskure ne da ba a yi da niyya ba. Shugaban ƙasa bai sa hannu ba har aka gama zaɓukan fidda gwani. PDP ta zaɓi ɗan takararta na shugaban ƙasa da daliget ɗaya daga kowace ƙaramar hukuma, APC da uku, kuma 'yan majalisa da dama suka rasa tikitinsu a hannun daliget ɗin da gwamnoni ke juyawa. Mutum 469 ne ke zaune a majalisun biyu, kowanne da hadimansa, amma kalmomin da suka shafi makomarsu ta siyasa suka zube ba wanda ya lura.

Tun ran gini, ran zane

Idan aka bi waɗannan misalai ɗaya bayan ɗaya, za a ga ba ƙarancin Turanci ne ya haife su ba. Abin da ya haɗa su shi ne tambayar da ba a yi ba tun farko. Idan adadin bai rabu daidai ba fa? Idan ɗan takara ya rasu ana tsakiyar zaɓe fa? Idan wa'adi da shekarun ritaya suka yi karo fa? Wane tsohon sashe ne wannan sabon zai taɓa?

Amsar irin waɗannan tambayoyi ba ta wajen lauyan da ke tsara doka. Tana wajen ma'aikatar da ke da manufar, tana wajen jami'in da ya shekara 20 yana gudanar da aikin ya san inda yake cijewa. Saboda haka ne a ƙasashen da suka yi nisa a wannan fanni aka raba aikin gida biyu. A Ingila, tun 1869 aka kafa ofishi guda na ƙwararrun lauyoyi masu tsara ƙudirorin gwamnati, wanda Henry Thring ya fara jagoranta. Ma'aikata ba ta aika wa wannan ofishi daftarin doka. Abin da take aikawa shi ne takardar umarni da aka rubuta da harshe na yau da kullum, mai bayyana matsalar da ake son magancewa, da matsayin doka a yanzu, da abin da ake son ya sauya, da wanda zai aiwatar, da hukuncin wanda ya saɓa. Daga nan mai tsara doka zai fara jefo tambayoyi, ma'aikata na amsawa, har manufar ta nuna kafin a rubuta sashe na farko.

A nan gida sau da yawa akasin haka ake yi. Hukuma na son a kafa ta da doka ko a ƙara mata iko, sai a ɗauko dokar wata hukuma makamanciyarta, ko ta wata ƙasa daga intanet, a sauya suna da adadin 'yan kwamitin gudanarwa, a kira shi daftari. Wani lokacin a ba ɗan kwangila, ya rubuta, a biya shi, ya tafi da duk dalilan da suka sa ya zaɓi wannan kalma ya bar waccan. Idan takardar ta isa Sashen Tsara Dokoki na Ma'aikatar Shari'a ta Tarayya, ko ofishin lauyoyin Majalisar Tarayya, sai ta iso a matsayin gini gamamme, a ce musu su duba su shafa fenti, kuma da gaggawa domin taron Majalisar Zartaswa ya ƙarato. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Sakamakon wannan ɗabi'a yana rubuce a rahoton kwamitin Stephen Oronsaye na 2012, wanda ya ƙirga hukumomi da cibiyoyin Gwamnatin Tarayya 541, ya kuma ba da shawarar a rage waɗanda doka ta kafa daga 263 zuwa 161. Babban abin da rahoton ya koka a kai shi ne hukumomi biyu ko uku na yin aiki ɗaya, kowacce riƙe da dokarta. Duk ma'aikacin da ya taɓa shiga rikicin hurumi tsakanin hukumarsa da wata ya san cewa kowane ɓangare yakan buɗe kundinsa ya nuna sashe, kuma kowa da gaskiyarsa. An kafa ta biyun ne ba tare da an karanta dokar ta farkon ba.

Saboda haka horon da mafi yawan daraktoci da mataimakansu da hadimai ke buƙata shi ne na rubuta takardar umarni. Wannan abu ne da bitar mako guda za ta iya koyarwa, kuma mutum ya koma ofis ya yi aiki da shi washegari. Jami'in da ya iya amsa tambayoyi bakwai a rubuce ya gama rabin aikin: mece ce matsalar, kuma me ya sa umarnin ofis ko ƙa'idar da minista ke da ikon fitarwa ba za su wadatar ba, shin batun yana cikin hurumin tarayya ne ko na jihohi bisa jadawali na biyu na Kundin Tsarin Mulki, waɗanne dokoki ne ke akwai a kan batun, wanne za a soke, wanne za a gyara, wa zai aiwatar, da wane kuɗi, me zai faru da ma'aikata da kadarori da shari'un da ke gaban kotu a ranar da sabuwar doka ta fara aiki, yaushe za ta fara aikin, sannan wane irin abu ne da ba a saba gani ba zai iya faruwa ya rikita lissafin.

Tambayar ranar fara aiki ma kaɗai ta isa darasi. Dokar Fassara ta 1964, wadda ke bayyana yadda ake karanta dokokin tarayya, ta ce idan doka ba ta faɗi ranar fara aikinta ba, to ta fara ne a ranar da shugaban ƙasa ya sa hannu. Ma'aikatar da ke buƙatar wata shida don buga fom da horas da ma'aikata, in ba ta faɗa ba tun a takardar umarni, za ta wayi gari da nauyin da ba ta shirya ɗauka ba. Wannan doka ce kuma ta ce ikon naɗawa ya ƙunshi ikon cirewa, ta kuma bayyana yadda ake ƙirga kwanaki. Gajeriya ce, zama ɗaya ya isa a karance ta, amma jami'ai nawa ne suka taɓa buɗe ta?

Sana'a ce, da shekaru ake koyonta

Zuba manufa a sassa da ƙananan sassa aiki ne na daban, kuma bita ba ta haifar da gwaninsa. Ana koyonsa ne kamar yadda ake koyon ƙira ko ɗinki, a gaban wanda ya iya, shekara bayan shekara, ƙarami ya rubuta babba ya yi masa jan biro. Sai an jima hannu ke sabawa da cewa kalma ɗaya ma'ana ɗaya take ɗauka daga farkon doka zuwa ƙarshenta, cewa "zai iya" izini ne, "wajibi ne" kuwa umarni, cewa duk aikin da aka ɗora sai an faɗi a kan wa aka ɗora shi da abin da zai biyo baya in bai yi ba.

Najeriya ba ta rasa makarantun fannin ba. Cibiyar Nazarin Shari'a Mai Zurfi ta Najeriya, wato NIALS, wadda aka kafa a 1979, ta daɗe tana bayar da difloma da digiri na biyu a fannin tsara dokoki. Cibiyar Nazarin Harkokin Majalisa da Dimokuraɗiyya ta Ƙasa, wato NILDS, wadda doka ta kafa a 2011 aka faɗaɗa hurumin aikinta a 2018, ita ma tana da irin wannan digiri tare da haɗin gwiwar Jami'ar Benin, ban da gajerun kwasa-kwasan da take shirya wa 'yan majalisa da hadimansu.

Inda gizo ke saƙa shi ne abin da ke faruwa bayan an karɓi shaidar. Lauyan gwamnati yana cikin tsarin da ake juya shi daga wannan sashe zuwa wancan, daga wannan ma'aikata zuwa waccan. Wanda aka kashe kuɗi aka koya wa tsara doka bana, baɗi yana iya tsintar kansa a sashen gabatar da ƙara ko a teburin kwangiloli. Aikin kansa ba ya fito da sunan mai yinsa: babu hoto a jarida, babu tsayawa gaban alƙali, kuma hanyar samun lambar babban lauya ta fi karkata ga masu shari'a a kotu. Matashin lauya mai hazaƙa yana da dalilin gudun wannan teburi.

A ɓangaren majalisa kuma matsalar ta ninka. Kowane zaɓe yakan share kaso mai yawa na 'yan majalisa, kuma mafi yawan waɗanda suka shiga Majalisa ta 10 a 2023 sababbin shiga ne. Hadimi yana tafiya ne tare da maigidansa. Duk abin da aka koya masa a shekara huɗu yakan bi shi gida, sabon da ya zo a fara daga baƙi. Ƙudirorin da 'yan majalisa ke gabatarwa a ƙashin kansu sun fi na ɓangaren zartaswa yawa nesa ba kusa ba, kuma ana auna ƙwazon ɗan majalisa a mazaɓarsa da yawan ƙudirorin da ya gabatar, ba da ingancinsu ba. Da irin wannan ma'auni, wa zai zauna wata uku a kan ƙudiri ɗaya?

Wasu za su ce a yi irin ta Ingila, a tattara komai a Ma'aikatar Shari'a. Wannan ba zai yi daidai da tsarinmu ba. Tun 1979 Najeriya ta ɗauki tsarin shugaba mai cikakken iko irin na Amurka, inda majalisa ke cin gashin kanta, kuma ba zai kyautu ɗan majalisa ya kai ƙudirinsa ga Antoni Janar, wanda minista ne a gwamnatin da yake sa wa ido, ya nemi a tsara masa ba. A Amurka kowace majalisa daga cikin biyun tana da nata ofishin ƙwararrun masu tsara doka, tsarin da ya faro tun 1919, kuma ma'aikatansa ba ruwansu da jam'iyya, ba sa tafiya idan zaɓe ya juya. Abin da ya dace da mu shi ne ofisoshi biyu masu ƙarfi, ɗaya a zartaswa ɗaya a majalisa, masu aiki da littafin salo guda, kowanne da matakan ƙarin girma na kansa yadda mutum zai iya kaiwa ƙololuwar aiki ba tare da ya bar teburin ba.

Tsakanin zauren majalisa da maɗaba'a

Akwai zango na ƙarshe da ba a cika kawo shi a taron bita ba, alhali nan ne haɗari ya fi yawa. Ƙudiri yana iya shiga majalisa da kyawunsa ya fito da rauni. A zauren majalisa ake cire sashe na 12, sai na 13 ya zama 12, duk wani nuni da ke gaba ya goce. Kwamitin daidaitawa na majalisun biyu zai ɗauki wannan sakin layi daga kwafin Dattawa, wancan daga na Wakilai, ba tare da lura cewa ma'anar da kowanne ya ba wata kalma ta bambanta ba. Irin kurakuran 2018 da na 2021 a wannan zango suka fi haihuwa.

Dokar Tantance Sahihancin Dokoki ta ɗora wa Akawun Majalisar Tarayya nauyin haɗa kwafin da ya ƙunshi dukkan gyare-gyaren da aka amince da su, ya sa hannu cewa shi ne ainihin abin da majalisun biyu suka zartar, kafin a kai wa shugaban ƙasa. Bayan sa hannu, kwafi ɗaya na zama wajen Akawu, ɗaya wajen shugaban ƙasa, ɗaya kuma a kai wa Alƙalin Alƙalan Najeriya don adanawa a Kotun Ƙoli. An yi haka ne domin idan gardama ta taso a san inda za a duba.

Gardamar kuwa ta taso. Shugaba Tinubu ya sa hannu a sababbin dokokin haraji huɗu a ranar 26 ga Yunin 2025. A watan Disamba, ana saura 'yan makonni manyan cikinsu su fara aiki, ɗan Majalisar Wakilai daga Sakkwato, Abdussamad Dasuki, ya miƙe a zaure ya ce abin da aka buga a Gazet, jaridar hukuma ta Gwamnatin Tarayya, ya saɓa da abin da suka zartar. Majalisar ta kafa kwamitin bincike, shugabannin majalisun biyu kuma suka umarci Akawu da a sake buga dokokin a fitar da kwafin da aka tantance. Ko ma mene ne musabbabin saɓanin, jami'in haraji da ɗan kasuwa da alƙali duk sun tsinci kansu suna tambayar da bai kamata a taɓa yi ba: wane kwafi ne doka?

Ga kuma matsalar nemo dokar ita kanta. Kundin Dokokin Tarayya na 2004 shi ne har yanzu ake ambato, alhali an yi ɗaruruwan dokoki da gyare-gyare bayansa. A 2024 Antoni Janar Lateef Fagbemi ya kafa kwamitin sabunta kundin. Har sai an kai ga rumbu ɗaya na hukuma a intanet, wanda ake sabuntawa duk lokacin da aka yi gyara, gwanin gwanaye ma yana iya gyara sashen da aka riga aka soke.

Abin da horo ba zai iya ba

Adalci ne a faɗi cewa ba kowane duhu a cikin doka ne kuskure ba. Wani da gangan ake barinsa, domin 'yan siyasa sun kasa cimma matsaya sai suka zaɓi kalmar da kowa zai fassara yadda ya so. Sashe na 60(5) na Dokar Zaɓe ta 2022 ya ce jami'in rumfa zai miƙa sakamako ta hanyar da hukumar zaɓe ta tsara. Jama'a da yawa sun ɗauka an wajabta tura sakamako ta na'ura, kotuna kuma a 2023 suka ce dokar ta bar wa hukumar zaɓi. An yi doguwar muhawara a majalisa a 2021 kafin a sauka a kan waɗannan kalmomi, don haka ba za a ce ba a san abin da ake yi ba.

Babu bitar da za ta hana irin wannan. Abin da ƙwararren mai tsara doka zai iya shi ne ya rubuta wa kwamiti a fili cewa wannan jimla izini ta bayar, ba ta tilasta ba, in tilas kuke nufi ga yadda za a rubuta. Daga nan zaɓi ya koma kan waɗanda aka zaɓa, kuma ba mai iya fakewa da kuskuren alƙalami daga baya. Wannan kuwa sai ma'aikacin da ke da tabbacin cewa faɗin gaskiya ba zai ci kujerarsa ba.

Inda ya kamata kuɗin horo ya tafi

Ofishin Shugaban Ma'aikatan Tarayya da Ma'aikatar Shari'a da Hukumar Kula da Ma'aikatan Majalisar Tarayya suna da ikon sauya akalar wannan lamari ba tare da jiran sabuwar doka ba. Mataki na farko shi ne a raba masu koyo bisa aikinsu. Jami'an manufa da hadimai a koya musu rubuta takardar umarni da karanta ƙudiri da idon mai aiwatarwa, kuma a yi darasin a kan ainihin ƙudirin da ke gaban ma'aikatarsu, ba misalin littafi ba. Akawunan kwamitoci a koya musu bibiyar gyara da daidaita lambobin sassa da adana kowane kwafi da kwanan watansa. Lauyoyi 'yan kaɗan da aka tace a tura su dogon karatu, a ɗaure su da sharaɗin zama a sashen na wasu shekaru, a kuma biya su abin da zai sa zaman ya yi daɗi.

Mataki na biyu shi ne a sa ƙofa. Kada Majalisar Zartaswa ta karɓi ƙudirin da bai zo da takardar umarninsa da jerin dokokin da zai taɓa ba. Kada kuma kwafin ƙarshe ya bar ofishin Akawu sai mai tsara dokar da bai sa hannu a rubutun farko ba ya karance shi daga sashe na ɗaya zuwa jadawalin ƙarshe. Kundin Tsarin Mulki ya ba shugaban ƙasa kwana 30 ya sa hannu ko ya ƙi. Mako guda na karatun tsanaki kafin a fara ƙirga waɗannan kwanaki ba zai durƙusar da gwamnati ba.

Mataki na uku shi ne a sauya ma'auni. Rahoton ƙarshen shekara da ke cewa an horas da jami'ai kaza bai gaya wa kowa komai ba. Abin da ya kamata a ƙirga shi ne ƙudirori nawa aka dawo da su daga fadar shugaban ƙasa saboda kuskuren rubutu, dokoki nawa aka koma gyarawa kafin su cika shekara biyu, kuma mutum nawa daga cikin waɗanda aka horas shekara biyar da suka wuce suke kan teburin har yanzu.

Ga ma'aikaci ko hadimin da sunansa ya fito a jerin masu zuwa bita ta gaba, shawarar mai sauƙi ce. Ya tafi da dokar da ta kafa hukumarsa, ko ƙudirin da maigidansa ke shirin gabatarwa, ya ja layi a ƙarƙashin duk sashen da ya taɓa jawo gardama a ofis, ya ajiye a gaban malamin ya nemi bayani. Shi ne zai zauna da dokar bayan an kashe fitilun ɗakin taro, kuma sunansa ne zai fito a takardar sammaci ranar da wani ya kai hukumar kotu.